Damina a Ɗakin Takaba

Mijina, Allah ya jiƙansa, tela ne, kuma hannun jarirai gare shi. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba sai ya ninke ya ajiye, wai wata rana zai yi aljihu. Abu ɗaya na san yana sakin hannu a kansa, shi ne kaset. Kwali guda ya tara a ƙarƙashin keken ɗinkinsa: kalangu, kotso, kukuma, garaya, har da waƙoƙin Indiya da shi kansa bai san abin da suke cewa ba. Ƙafa na kan keke, kai na gyaɗawa, haka na same shi, haka na aure shi.

Da Shari'a ta zo, Daura ta sake murya. Shagunan da ke tashe da kiɗa suka koma wa'azi, masu shayi ma suka rage sautin rediyonsu. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya ce mini ya tuba da kiɗa. Na ce alhamdu lillahi, miƙo kwalin in hura wuta. Ya dube ni kamar na ce a cinna wa gidan. Kaset fiye da talatin, a ƙona? Sayarwa kuma ba ta taso ba, don a cewarsa wanda ya sayar da zunubi abokin tarayya kawai ya nemo. Ya ce wanke su zai yi, in azumi ya zo ya ɗauki tafsiri a kansu daga rediyo. Na ce to ka bari azumin ya zo mana, ka ɗora tafsirin kai tsaye. Ya ce, "Ke kina zuba tuwo a kwanon da ba a wanke ba?"

Wankin kaset ba da ruwa ake yin sa ba. Rikodarsa ƙarama ce mai cin batir huɗu. In aka danna jan maɓalli, abin da ke kan kaset sai ya shafe, abin da ake yi a wurin ya hau. Ya gwada a gida, da ya kunna sai ga muryata raɗau ina zagin akuyar maƙwabta. Ya ce wannan ai gara kalangun. Ya gwada a shago, ya kwaso gulmar rabin unguwa. Daga nan ya yanke shawarar kai su inda babu kowa, wato gonar gadonsu da ke hanyar Zango. Duk ranar da zai je noma a daminar nan, sai ya cusa kaset biyu ko uku a aljihu, ya ɗaure rikoda a bayan babur. In ya isa ya saƙale ta a reshen itace, ya danna ja, ya kama aikinsa. A ganinsa shiru yake ɗaukowa. Ni kuwa ina fama da tsohon ciki, na yi masa dariya har na gaji.

Na haifi 'yata bayan girbi. Azumi ya zo, ya cika rabin kaset ɗin da tafsiri, ya ce sauran sai baɗi. Bai kai baɗin ba. Bayan ƙaramar salla zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu aka fita da shi.

A gidan mahaifiyarsa muke zaune a cikin birni, don haka a nan na shiga takaba, a ɗakin da ya bar ni. Inna muke ce mata. Doguwar tsohuwa ce mai ƙarancin magana, ko a ranar da aka fita da ɗanta namiji tilo ban ga hawayenta ba. Ita ta kwashe kwallina da turarena, ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce kada in rabu da ita ko bayan gida zan zaga. Matasan unguwa na cewa wuƙar bidi'a ce. Inna ta ce in sun haifi nasu sa hana.

Wata huɗu da kwana goma a baki ba su da yawa. A cikin ɗaki ɗaya kuwa, da zafin bazara yana matsowa, kowace rana sai ta zama uku. Barci ya ƙaurace mini. Idona a rufe, kunnena a buɗe, ina jin kome: luguden maƙwabta, ƙarar babura, masu tallan fura, kowane babur sai in ji kamar zai tsaya a ƙofarmu. Ina jin haushin kowa. Ina jin haushin masu zuwa ta'aziyya su zauna suna hirar farashin atamfa, ina jin haushin shi kansa marigayin da ya iya adana ƙyalle bai iya adana kansa ba. In na yi wannan tunanin sai in yi istigfari, can kuma in sake.

A wata na biyu nonona ya fara ɗaukewa. Yarinya ta kama, ta ja, ta ja, ta saki ta tsala ihu. Madarar gwangwani kuwa da an ba ta sai ta dawo da ita. Zaren da ke ƙugunta ya fara zamewa, maɗigarta ta faɗa. Inna ta yi iya yinta: kunun kanwa, fura da nono, rubutu a ƙoƙo safe da yamma. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke unguwarmu ta leƙo, ta duba ni, ta ce lafiyata ƙalau, in ci, in sha, in kwantar da hankalina in yi barci. Na ce a raina, a wace kasuwa ake sayar da shi?

Wata Juma'a da hantsi Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi ba. Ta ɗauki jikarta ta auna ta a hannu.

"Yarinyar nan ƙarewa take yi," ta ce. "In Juma'a biyu suka wuce ba canji, yayarku za ta zo ta ɗauke ta."

Yaya ita ce babbar 'yar Inna, tana aure a Zango, tana goyon ɗa namiji, nono kuwa har zuba yake yi. Ba muguwa ba ce, kuma maganar Inna ba ta da aibu. Amma ni na san yadda abin yake. Ɗan da aka kai shayarwa wurin gwaggonsa ba ya dawowa ranar yaye. 'Yata za ta tashi tana ce mata Umma, ni kuwa in gama takaba in koma gidanmu hannu biyu, sai da salla a kawo mini ita ta gaishe ni tana ɓuya a bayan zanin wata. Na ce, "To, Inna." Da ta fita na cusa fuskata a matashi don kada ta ji ni.

Washegari bayan azahar ina neman ƙyallen da zan yi wa yarinya ƙunzugu, na jawo kwalinsa da aka kawo daga shago aka tura ƙarƙashin gado. A ƙarƙashin ƙyallayen na tarar da rikoda, da batir sababbi a ledarsu, da kaset goma sha biyar. Na tafsirin an riga an rabar sadaka. Waɗannan su ne wankakkun, har yanzu da tsohon rubutunsu a jiki. Ban san abin da ya sa na saka ɗaya ba. Wataƙila so nake in taɓa abin da ya taɓa. Na rage sauti, na tura rikodar bayan kwallaye a ƙarƙashin gado, na kwanta da yarinya a gefena.

Da farko wani huci kawai na ji. Sai iska ta taso daga nesa, ta zo ta wuce ta cikin ganye, ta tafi. Sai kurciya. Ita kaɗai na sani, don ni haihuwar cikin ganuwa ce, 'yar dukawa, iyakar dajina bakin kasuwa. Kurciyar ta yi kira, wata ta amsa mata can ƙasa-ƙasa, suka yi ta yi ba gaggawa, kamar tsofaffi biyu suna gaisawa ta kan katanga. A bayansu akwai wani tsuntsu da kukansa ke gangarowa kamar ana tuttule ruwa daga tulu. Akwai mai fito siriri, sau uku ya huta. Ƙudan zuma ya zo dab da kunnena har na kai hannu zan kore shi, ya yi shawagi ya tafi. Can ƙarƙashin duka kuma kwaɗi ne, da yawa, suna yi suna tsayawa tare kamar an ba su umarni.

Wannan shi ne shirun da mijina ya ɗauko.

Ban taɓa zuwa gonar ba, sai na gina ta da kunne. Na sa itacen a tsakiya, mai faɗin inuwa. Na sa ruwa a hagu, inda kwaɗin suke. Gero na sa shi ya kai ƙugu, don haka iskar ke faɗa mini in ta bi ta kansa. Ƙasar a jiƙe take, an yi ruwa da asuba, har ƙamshinta na ji, ni da ke kwance a ɗakin da bangonsa ke fitar da zafi. Babu wanda ke jirana a wurin. Babu mai yi mini ta'aziyya, babu mai duban ƙirjina ya dubi 'yata ya girgiza kai. Tsuntsayen ba su san an yi mutuwa ba, harkar gabansu kawai suke yi, kuma wannan ne ya yi mini daɗi. Na ji kafaɗuna sun sauka, ashe tun ranar rasuwar a ɗage suke. Na ji haƙorana sun rabu da juna. Ban ji lokacin da kaset ya ƙare ba, kiran la'asar ne ya tashe ni.

Daga ranar, kullum bayan azahar in gida ya yi tsit, sai in tafi gona. Kowane kaset da ranarsa. Akwai wanda yayyafi ya sauka a tsakiyarsa, ɗigo ɗaya-ɗaya a kan ganye, tsuntsaye suka yi shiru, sa'an nan suka dawo gaba ɗaya da murna. Akwai wanda garken shanu ya ratsa ta nesa, ina jin takunsu da karon ƙahonsu, da muryar makiyayi da iska ta yanko mini rabinta. Akwai wanda babu kome sai gyare da iska, shi ne mai saurin sa ni barci. Wani lokaci ina tsakanin barci da farke sai in ga kaina ina tafiya a tsakanin kunyoyin gero ba takalmi, raɓa na jiƙa mini zani, yarinya a bayana tana da nauyi. Nauyin nan nake so. In na farka sai in ɗaga ta in ji ko ya biyo mu.

A cikin wannan hali ne na lura in kaset na juyawa, yarinya na ja, sai in ji wani ɗan tsam-tsam a ƙirjina, in ji ta haɗiya. Ba da yawa ba, amma tana haɗiya. Sai dai in Inna ta shigo da yamma ta tsaya a kaina ta ce in ba ta ta gani, jikina sai ya ɗaure tamau, ko ɗigo ba ya fita. Yarinya ta yi ihu, Inna ta girgiza kai ta fita.

Me ya hana ni faɗa mata? Kunya da tsoro. Mai takaba da rikoda, a shekarun da ko amarya sai an yi shawara kafin a kira mata masu kiɗa? Kuma ga rubutun da ke jikin kaset ɗin. Wa zai tsaya ya saurari bayanin wanki? Na zaɓi in ɓoye, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Batir suka fara sanyi. Na yi abin da kowa ke yi, na jera su a taga rana ta gasa su, su ɗan farfaɗo. Amma batir in ya tsufa ya tsufa. Kaset ya koma juyawa a hankali, muryoyin suka yi kauri suka ja. Kurciya ta koma kamar nishin tsoho, mai tulun nan kuwa sai ka ce daga cikin rijiya yake. Don in ji sosai sai na ƙara sauti. Ni ban damu ba, kunnena ya saba, gonata tana nan.

Abin da ban sani ba, sai daga baya aka ba ni labari, shi ne Inna ba ta barcin rana. Kuma Inna ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye na ƙasar Zango aka kawo ta tana amarya, ta yi shekara arba'in a cikin ganuwa, amma kunnenta yana can. Tana zaune a inuwar rumfa tana jan carbi, sai ta ji ragon maza yana kuka a ɗakin ɗanta. Ragon maza, tsuntsun damina, a tsakiyar birni, a bazarar da ko gajimare babu. Ta ce kunnenta ne. Washegari ta ji kwaɗi, wata shida rabon ƙasa da ɗigon ruwa. Kuma da tsakar rana, lokacin da kowa ya san mutanen ɓoye ke yawo. Ta lallaɓo ta ɗaga labule, ta gan ni a kwance ina murmushi cikin barci, wuƙar da ta ba ni tana can yashe a kan taga, muryoyi kuwa na fitowa daga ƙarƙashin gado.

Ni dai na ga an fara turara ɗakina da habbatus sauda, an yayyafa rubutu a bakin ƙofa. Na ɗauka duk na nono ne. Ran nan Inna ta kawo mini kunu, ta tsaya ba ta fita ba.

"Kina mafarki kuwa?"

"Ina yi, Inna."

"Me kike gani?"

"Daji," na ce, har da murmushina. "Daji kore shar, ga ruwa, ga tsuntsaye. In na je ba na son dawowa."

Ta ce innalillahi a hankali, ta ɗauki ƙoƙon da ban gama shanyewa ba ta fita. Na bi ta da ido ina cewa tsufa dai ya fara taɓa Inna.

Ba a jira Juma'a ta biyu ba. Ranar Laraba da hantsi na ji sallamar Yaya a tsakar gida. Ta shigo da ɗanta a baya, ƙato, cinyoyi kamar tulu, a hannunta kuma da wani zanin goyo sabo a ninke. Da na ga zanin nan na san abin da ya kawo ta. A bayanta Inna ce, a bayan Inna kuma na ji gyaran muryar namiji. An shimfiɗa wa wani malami buzu a ƙofar ɗaki, ta bayan asabari, matashi ne da ya yi suna a unguwa wajen ruƙiyya.

"Miƙo ta," in ji Inna. "Malam zai yi miki karatu. Ba a barin jariri a ɗakin da ake fitar da su."

"A fitar da su wa, Inna?"

"Kin fi ni sani. Waɗanda ke zuwa miki da azahar."

Na ƙanƙame 'yata. Yaya ta durƙusa a gabana, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Haba ƙanwata, ba laifinki ba ne, lalura ce. Inna ta ji su da kunnenta, kwaɗi da tsuntsaye a ƙarƙashin gadonki. Nononki ma ai su suka riƙe shi. Ki bar ni in tafi da ita, in kin warke ga ta ga ki."

Sai a lokacin na gane. Dariya ta taso mini, kuka ya danne ta. Na sa hannu ɗaya na jawo kwalin, na zazzage shi a gabansu, na fito da rikoda daga bayan kwallaye. Na fara bayani, wanki, gona, jan maɓalli. Yaya ta yi makaranta. Ta ɗauki kaset ɗaya ta karanta, ta ajiye, ta ɗauki wani, sai na ga fuskarta ta sauya.

"Inna, wannan garaya ce," ta ce. "Kiɗan 'yan bori."

A bayan asabari malam ya nemi tsari da ƙarfi. Inna ta ja da baya har ta dafa bango. Ana wata ga wata: mai takaba, ga muryoyin daji, ga kiɗan kiran iskoki a ƙarƙashin gadonta.

Na ce, "Wallahi ya wanke su. Ku saurara ku ji."

"To sa wannan ɗin," in ji Yaya, ta miƙo mini na garayar.

Shi kam ban taɓa kunna shi ba, don ni ma tsoron rubutunsa nake ji. Ban sani ba ko ya kai shi gona, ko mantawa ya yi da shi a cikin 'yan'uwansa. Na kwaso batir daga taga, suna da zafi kamar an ciro su daga murhu, na zuba. Yarinya ta farka ta fara kuka, na sa ta a nono don ta yi shiru, ba don ina sa ran kome ba. Na yi bisimilla na danna.

Garaya ta tashi tangaram, da caki a bayanta. Yaya ta dafe ƙirji. Na rufe ido na ce shi ke nan, ta tafi. Kiɗan bai fi numfashi biyu ba sai aka ji ƙwas, ya yanke, iska ta shigo.

Batir ɗin sun sha rana, sautin ya fito tas. Kurciya ta yi kira. Wani abu ya yi ta kaɗawa a sama, kar-kar-kar, a bushe. Babu wanda ya motsa. Na buɗe ido na ga Inna ta saki bango, ta karkata kai.

"Kaba ce," ta ce, kamar da kanta take magana. "Goribar bakin fadama ce wannan. Ashe tana nan."

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa. Mai fiton nan nawa ya yi sau uku, ta ce cilakowa. Wani ya ɓarke da ƙara daga cikin ciyawa, ta ce fakara, an tashe ta daga kan ƙwai. Mai surutu ya karɓa, ta ce suda, uwar magana. Ɗaya bayan ɗaya ta yi ta kiran sunayensu, muryarta na yin laushi, har ta koma wata murya da ban san ta da ita ba. Ni da na yi kwana goma sha biyu ina yawo a gonar nan, sai yau aka gabatar da ni ga masu ita.

Sai wani sauti ya shigo wanda babu shi a sauran kaset ɗin. Ranar, ga alama, kusa da itacen yake aiki. Cas, cas, cas, a tsaya. Cas, cas, cas, a tsaya. Fartanya ce a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta daina kiran sunaye. Saran ya matso, ya matso, har muka ji numfashin mai yin sa, ya yi gyaran murya sau ɗaya, sa'an nan ya juya ya bi wata kunyar, yana nisa a hankali, kurciyoyi suka rufe bayansa.

"Maimai yake yi," in ji Inna. "Sara uku ya huta. Na yi ta faɗa, tela ba manomi ba ne."

Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Kafaɗunta suka fara rawa. Yaya ta sunkuyar da kai a kan ɗanta. Ni kuwa, da kowa ya daina kallona, ban san lokacin da jikina ya saki ba. Ina jingine da gado, iskar fadama na wucewa ta cikin ɗakin, sai na ji tsam-tsam ɗin nan ya taso tun daga hammata, da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Yarinya ta zaro ido, ta ƙware, ta saki, ta sake cafka. Ɗaya gefen ya ɓalle da kansa, ya jiƙa rigata har cinya. A cikin kukan kwaɗi da na kurciya aka fara jin wani ƙaramin sauti, ƙut, ƙut, ƙut.

Yaya ce ta fara ɗagowa. Ta taɓa Inna. Inna ta sauke mayafi, ido jajur, ta matso da gwiwa ta kawo kunnenta dab da wuyan jikarta. Ta daɗe a haka.

Malam ya yi gyaran murya a waje, ya ce ko a fara karatun? Inna ta ce, ba tare da ta juya ba, "Malam, abin nan da ka ji, haramun ne ga mai takaba?"

Ya ce, "Na farkon dai a bar shi, Inna. Sauran kuwa, ni ban taɓa jin an hana sauraron kurciya ba. Tasbihinsu suke yi." Muka ji ya naɗe buzunsa, ya yi mana addu'a a taƙaice, ya tafi.

Kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya tashi da kansa. Zafin ɗakin ya dawo, da luguden maƙwabta. Yarinya ta saki nono, kanta ya langaɓe, wani farin ɗigo ya gangaro ta gefen bakinta. Inna ta sa yatsa ta share shi, ta dubi yatsan.

"Ashe bai tafi ya bar ta haka ba," ta ce.

Yaya na riƙe da zanin goyon, ba ta san inda za ta sa shi ba. Ta dubi uwarta. Inna ta ce, "Tashi ki ci abinci ki kama hanya, kada ki rasa motar Zango." Yaya ta miƙe, ta gyara goyon ɗanta, ta kai bakin ƙofa ta dawo, ta ajiye zanin a kan ƙafata.

Inna ba ta tashi ba. Ta jawo matashina ta kishingiɗa a ƙasa kusa da mu, ta nuna rikodar da haɓa.

"Juya ɗaya gefen," ta ce. "Ita ma ki juya ta, ba ta ƙoshi ba."